Wai Byron ɗin nan me yake nufi, kuma "Lord" sunansa ne na yanka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗaliba ce ni a sashen Turanci ina aji biyu, wannan zangon muna yin mawaƙan Ingila na zamanin Romantik. Dan Allah wai Lord Byron, Lord ɗin shine sunansa na yanka Byron kuma na babansa? Sannan me Byron ɗin yake nufi? Yayana mayen ƙwallo ne, yace akwai ɗan wasan Ekwado mai suna Byron Castillo wai jikansa ne, kuma wai asalin sunan ma daga Bayero turawa suka ɗauka suka lanƙwasa.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Da farko ki gaida min yayan naki, ki ce masa ƙwallayen nan biyu da ya buga duk ta saman raga suka bi. Babu ruwan Byron da Bayero, sauti ne kawai ya zo kusa, kamar yadda babu ruwan Kano da Kanada. Shi kuma ɗan wasan zamu zo kansa a gaba.

Bari in fara da ma'anar tunda itace mai daɗin. Sunan ana furta shi ne kamar "Bairan", kuma asalinsa ba komai bane illa "wajen ɗakunan shanu". Eh, shanu dai da kika sani. A tsohon Turanci, wanda ake yi kafin wajen shekarar 1100, irin wanda ko baturen yau aka karanta masa sai dai ya yi ta kallonki, akwai kalmar byre, ɗaki ne da ake kulle shanu a ciki, kamar dai barga a wajenmu sai dai ita barga ta doki ce. Mu bamu da kalma guda da ta zauna masa daram saboda bamu da buƙatar ɗakin, namu shanun ko turke ko shinge ko su kwana a makwanta a fili, su kuwa can in hunturu ya kama ciyawa ta daina fitowa ga sanyi ga ruwa ga dusar ƙanƙara, dole a shigar da dabba ƙarƙashin rufi a dinga zuba mata ingirici har bazara. Toh a nahawun wancan tsohon Turancin idan ɗakunan suna da yawa kuma ana so a ce "a wajensu", sai kalmar ta koma byrum. A hankali wurin da ake cewa "yana can byrum" sai ya zama sunan ƙauyen, shi yasa har yau akwai Byram a Yorkshire, akwai Byrom a Lancashire, mutanen da suka fito daga irin waɗannan wuraren ko suke aikin kula da shanun sai sunan ya bi su. Byrom, Byram, Byron duk 'yan ɗaki ɗaya ne, bakin mutane da alƙalamin malaman coci ne ya rarraba su, dan a lokacin babu wata tsayayyar ƙa'idar rubutu, kowa yadda kunnensa ya jiyo masa yake rubutawa.

Kalmar bata mutu ba. Lokacin da nake karatu a can na taɓa bin wani abokin karatuna ƙauyensu a arewacin ƙasar hutun ƙarshen shekara, babansa manomi ne, da asuba cikin wani irin sanyi mai shiga ƙashi tsohon ya miƙo min takalmin roba mai tsawo yace in zo in raka shi byre. Muka shiga wani dogon gini na dutse mai ƙaramar ƙofa, shanu a jere kowacce da kwamin abincinta, tururi yana fita daga hancinsu, ga warin kashi da fitsari ya cika wajen irin wanda in kika taɓa kwana kusa da turke kin san shi. Na tsaya ina dariya ni kaɗai, tsohon yana tambayata lafiya, na rasa ta inda zan fara yi masa bayanin cewa wata uku na yi ina rubutu a kan mutumin da matan Landan suke suma in ya shigo ɗaki, ashe ga inda sunansa ya kwana.

Wannan kuma ba baƙon abu bane a wajenki in kika duba gida. Shehu Shagari sunan babansa Aliyu, Shagari gari ne. Tafawa Ɓalewa gari ne, Aminu Kano kuma ba sai an faɗa ba. Muna da masu amsa Zango, muna da masu amsa Tunga, kuma ba wanda yake jin Alhaji wane Zango ya tuna da raƙuma da jakunan fatake sun sauke kaya. Bambancin kawai su turawan Ingila nasu ya daskare ne tun tsakanin 1066 zuwa wajen 1400 ya zama na gado, ɗa ya ɗauka jika ya ɗauka ko da sun bar garin da shekara ɗari biyar, mu kuwa har yanzu yawanci sunan uba ne yake canjawa daga tsatso zuwa tsatso. Shi yasa tambayarki ta "na babansa ne?" amsarta eh da a'a. Babansa yana amsa Byron amma ba sunansa na yanka bane, sunansa John, Byron na gidan ne gaba ɗaya.

Sai dai fa shi mawaƙin da za ki ce masa sunansa daga ɗakin shanun Yorkshire yake da sai ya ɓata rai, dan mutum ne mai ji da asali ƙwarai. Su gidansu suna jingina kansu ne da Normandi ta arewacin Faransa, mutanen da suka biyo William, mai mulkin Normandin, suka ci Ingila da yaƙi a 1066. Kuma suna da abin kamawa, dan a babban kundin ƙidayar filaye da William ya sa aka yi a 1086, wanda ake kira Domesday, akwai mutum biyu masu filaye da aka rubuta da "de Burun", Ralph da Erneis, shi Ralph filayensa a yankin Nottingham da Derby suke, inda gidan Byron suka yi ƙarfi daga baya. Wannan "de" ɗin na Faransanci kamar "na" ne ko "ɗan" a wajenmu, wane na Burun. Har waƙar da ta fito da shi duniya a 1812, Childe Harold, a rubutunsa na farko jarumin Childe Burun ya sa masa, wato tsohon sunan gidansu, daga baya ya canja dan kar a ce kansa yake nufi, kuma duk da haka kowa ya ce kansa yake nufi. Abin da yake bani dariya shine ko ta Faransan aka bi ba a tsira ba. A Faransanci akwai kalmar buron, bukkar dutse ce da makiyaya suke zama a kan tsaunukan Auvergne da rani suna tatsar shanu suna yin cuku, kuma ita da byre saiwarsu ɗaya, wata tsohuwar kalmar yarukan Jamusawa bur mai nufin bukka ko mazauni. Daga wannan dangin ne Jamusanci ya samu Bauer wato manomi, Boer na Afirka ta Kudu ma haka, har ƙarshen kalmar neighbour, wanda bukkarsa take kusa da taki. Kinga ko ta ƙofa aka shiga ko ta taga, ruga dai aka tarar.

A Ireland kuma akan samu masu Byron da ba su da haɗi da duk wannan, sunansu na yarensu ne irin su O'Byrne aka turance shi ya faɗo nan. Dan haka ba duk Byron bane dangin juna.

Toh sai Lord. Wannan kam duk shekara sai na yi fama da shi. Na taɓa makin wata takardar jarrabawa yaro ya cika shafi huɗu yana ta "Mr. Lord said", "according to Mr. Lord", tun ina zagayewa da jan biro har na gaji na bari, kuma abin haushin ya gane waƙar sarai, sunan ne kawai ya kayar da shi. Lord sarauta ce ba suna ba. Asalin kalmar ma a tsohon Turanci "mai tsaron burodi" take nufi, wato maigida mai ciyar da mutane. Masu sarautar gado a Ingila hawa biyar ne, Duke a sama, sai Marquess, Earl, Viscount, sai Baron a ƙasa, kuma banda Duke duk sauran ana kiransu Lord wane. Shi namu Baron ne, na 6 a gidansu. Sunan da aka raɗa masa George Gordon Byron, an haife shi a Landan ranar 22 ga Janairu 1788.

Misalin da zai zauna miki shine Lugard. Kowa a nan "Lord Lugard" yake cewa kamar da shi aka haife shi, alhali sunansa Frederick, kuma lokacin da sojojinsa suka shiga Kano da Sakkwato a 1903 ba Lord bane, Sir Frederick Lugard ne, sai a 1928 aka ba shi Baron bayan ya bar Najeriya da shekaru. Ki lura da ƙa'idar dan tana fitowa: Sir da sunan yanka yake tafiya, shi yasa ake cewa Sir Ahmadu, Sir Abubakar, ba a cewa Sir Bello. Lord na Baron kuwa da sunan sarautar yake tafiya, Lord Byron, Lord Lugard. Idan kika rubuta "Lord George Byron" kin yi kuskure duk da za ki gan shi birjik a intanet, saboda Lord haɗe da sunan yanka na ƙananan 'ya'yan Duke ne da Marquess, wani matsayi ne daban.

Yadda sarautar ta zo gidan ma labari ne. A 1540 Sarki Henry na 8 bayan ya rushe gidajen ibadar 'yan Katolika ya ƙwace kadarorinsu, wani Sir John Byron ya sayi ɗaya daga ciki, Newstead, kusa da Nottingham (eh ta ƙungiyar ƙwallon Nottingham Forest ɗin, yayanki ya san ta), ya maida shi gidan zama. Sai a 1643 ana tsakiyar yaƙin basasa Sarki Charles na 1 ya naɗa wani John Byron ɗin Baron saboda ya tsaya masa da sojan doki. Daga nan ta yi ta gangarowa har kan na 5, William, wanda mutane suka laƙaba wa "mugun Lord". Shi wannan a 1765 gardama ta haɗa shi da maƙwabcinsa kuma ɗan'uwansa William Chaworth a wata mashaya a Landan, kan wai gandun wa ya fi namun farauta, suka shiga wani ɗaki mai duhu da kyandir ɗaya ya soke shi da takobi, majalisar Lord-Lord ta same shi da laifin kisa ba da niyya ba amma rigar sarauta ta fitar da shi. Ya koma Newstead ya sare itatuwan ya bar gidan yana zubewa. Ƙaninsa John kuma babban hafsan jiragen ruwa ne da ya zagaye duniya tsakanin 1764 da 1766, matuƙa suna kiransa Jack mai mugun yanayi dan duk inda ya nufa sai hadari ya tare shi, shine kakan mawaƙin. Ɗansa kuma, wato baban mawaƙin, "mahaukacin Jack" ake ce masa, ɗan caca ne mai cin bashi. Kinga tun kafin a haifi yaron sunan ya riga ya yi wari a Ingila, ba irin gidan da uwa take murna in an zo neman 'yarta bane.

Gordon ɗin da ke tsakiya na mahaifiyarsa ne, Catherine Gordon, 'yar wani gidan masu filaye a Sikotland. Mahaukacin Jack dan dukiyarta ya aure ta, kuma sharaɗin taɓa dukiyar shine ya ɗauki sunan gidansu, ya ɗauka ba musu, ya cinye kuɗin tas cikin 'yan shekaru ya gudu Faransa ya mutu a can a 1791 yaro yana shekara 3. Uwar ta rene shi a Aberdeen a ɗakin haya cikin rashi, ga shi an haife shi da lanƙwasasshiyar ƙafa yana ɗingishi, a rajistar makaranta ma George Byron Gordon aka rubuta shi. Ba wanda ya zaci sarauta za ta zo kansa, sai magadan da ke gabansa suka mutu ɗaya bayan ɗaya, mugun Lord ya cika a 1798, yaro ɗan shekara 10 ya wayi gari Lord. Ana ba da labarin cewa ranar da malami ya kira sunansa a aji da sabon laƙabin da Latin, kasa amsawa ya yi ya fashe da kuka. Shi yasa a littattafai za ki ga "George Gordon, Lord Byron" da waƙafi a tsakiya, ɗalibai sai su ɗauka Gordon ne sunan gidan. A'a.

Kuma bai tsaya nan ba, a 1822 surukarsa ta rasu ta bar wasiyyar cewa in yana son kason gadon sai ya ɗauki sunan gidansu Noel, duk da tun 1816 ya rabu da 'yarta kuma ba ya ga maciji da tsohuwar. Ya ɗauka, abin babansa ya dawo kenan, ya koma sa hannu da Noel Byron, ana cewa har daɗi yake ji dan N.B. ɗin ya zo ɗaya da na Napoleon Bonaparte. Mutum ɗaya suna ya canja masa sau uku cikin shekara 36, kuma kowanne ko gado ne ko kuɗi.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne, dan shine zai miki amfani a aji fiye da batun shanu. Yau in aka ce Byron ba baturen da yake tuna saniya, wani irin namiji ake tunawa. Amma kafin nan, kalmar Romantik ɗin kar ki fassara ta da soyayya kamar yadda 'yan ajinku suke yi, tafiya ce ta adabi daga wajen 1790 zuwa 1830 da 'yan kai, ta fifita abin da zuciya take ji da daji da tsauni da 'yancin mutum da tawaye a kan tsari da ƙa'ida, akwai soyayya a ciki amma ba ita ce jigon ba. Toh a cikin su shida da ake koya muku, Blake, Wordsworth, Coleridge, Byron, Shelley, Keats, shi kaɗai ne a zamaninsa ya zama abin da yau za a kira selebiriti. Waƙar 1812 tana fitowa cikin kwana uku bugun farko ya ƙare, mata suna aiko masa da wasiƙu har da gashin kansu, matar da ya aura daga baya, Annabella Milbanke, ita ta raɗa wa wannan haukan suna Byromania. Daga sunansa aka ƙera siffa, Byronic, kuma in kina son fassararta da Hausa kalma ɗaya ta kusa isa: miskili. Kyakkyawa, mai girman kai, baya dariya, baya son mutane, akwai wani tsohon laifi ko ciwo da yake ɓoyewa, yana raina dokar gari, mata kuma sun san zai ɓata musu rayuwa amma shi suke so. Nasan kina murmushi dan kin haɗu da shi a littattafan da kuke karantawa a waya, mai kuɗin nan da baya magana sai da ido, sai dai bana cewa marubutanmu daga wajensa suka ɗauka, kama ce dai ta yi yawa. A Turai kuwa kai tsaye aka kwaikwaye shi, har Rasha, Pushkin da Lermontov duk sun sha daga wannan rijiyar. Bambanci ɗaya da miskilin namu, nasu baya shiryuwa a babin ƙarshe.

Ni a ra'ayina an cika ɗora masa wannan hoton har ya rufe sauran. Mutumin da jawabinsa na farko a majalisa a watan Fabrairu 1812 kare masaƙan Nottingham ya yi, waɗanda yunwa ta sa suke farfasa injinan da suka ƙwace musu aiki gwamnati kuma tana son a dinga rataye su, kuma mafi kyawun abin da ya rubuta na barkwanci ne da zambo, ba na ƙunci ba. Amma duniya miskilin ta zaɓa.

A Ingila sunan ya ƙare da abin kunya. Aure ya mutu shekara ɗaya bayan ɗaurawa, bashi ya yi masa katutu, ga wata mummunar jita-jita tsakaninsa da 'yar'uwarsa da suke uba ɗaya, a watan Afrilu 1816 ya bar ƙasar bai sake taka ta da rai ba. Ya zauna Italiya shekaru, daga nan ya tafi taya Girkawa yaƙin neman 'yanci daga Daular Usmaniyya, ta Turkiyya fa ba tamu ta Sakkwato ba, ya zuba fam 4,000 na aljihunsa aka gyara musu jiragen yaƙi. Bai ma kai ga fagen fama ba zazzaɓi ya kama shi a Missolonghi, likitoci suka yi ta tsaga shi suna zubar da jini wai magani, ya mutu ranar 19 ga Afrilu 1824. In kina son ki ajiye lokacin a kanki, a daidai wannan watan baturen nan Clapperton yana Sakkwato baƙon Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Da aka kawo gawar Landan cocin Westminster inda ake binne manyan mawaƙa suka ce ba a wajensu ba saboda halinsa, sai ƙaramin cocin Hucknall kusa da Newstead aka kai shi, allon tunawa ma sai 1969 'yan Westminster ɗin suka yarda aka sa masa a cocinsu. Na je wajen kabarin nasa, dutse ne shimfiɗe a ƙasa wanda in baki lura ba sai ki taka, alhali a Newstead kabarin da ya gina wa karensa a 1808 ya fi nasa girma da ado nesa ba kusa ba.

A Girka kuwa gwarzo ne. Su harafin B ɗinsu kamar V yake fita, sai sunan ya koma Viron ko Vironas, suna raɗa wa 'ya'yansu maza, kuma akwai unguwa guda a Atina mai suna Vironas, 'yan gudun hijirar da suka baro Turkiyya bayan 1922 ne suka zauna a wajen, aka sa mata sunan a 1924 da ya cika shekara 100 da mutuwa. Suna ɗaya, a wata ƙasa tsohuwa ta ji shi ta yi tsaki, a wata kuma a yanka rago a raɗa wa jariri.

Toh ta nan sunan ya tsallaka daga na gida ya zama na yanka, kuma nan ne amsar yayanki take. Turawa musamman Amurkawa suna da al'adar ɗaukar sunan gidan wani shahararre su raɗa wa yaro, Milton, Nelson, Lincoln, Byron, kamar yadda a nan za ki ji an sa wa yaro Buhari ko Gaddafi ko Saddam ba dan an haɗa jini ba. Akwai Byron White alƙalin kotun ƙolin Amurka daga 1962 zuwa 1993, akwai Byron Nelson ɗan wasan golf. Daga can ya gangara Latin Amurka, a Ekwado da Gwatemala da Kolombiya ya zama sunan 'ya'yan talakawa, wasu ma Bayron ko Bairon suke rubutawa yadda suke ji. Byron Castillo sunansa ne na yanka, Castillo ne na gidan, shine wanda Chile ta kai ƙara a 2022 cewa a Kolombiya aka haife shi, a ƙarshe Ekwado ta je Qatar amma ba da shi ba. Ki tambayi yayan naki ko ya san Byron Moreno, alƙalin wasan da ya ba Totti jan kati a 2002 Koriya ta Kudu ta fitar da Italiya, shi ma ɗan Ekwado ne, har yau in kika ambaci sunan a gaban ɗan Italiya ba mawaƙi zai tuna ba.

Garin Byron Bay na Ostareliya ma mutane suna ɗauka na mawaƙin ne, alhali Kyaftin Cook, wani matuƙin jirgin ruwan Ingila, ne ya sa wa tsinin ƙasar wajen suna a 1770 dan girmama kakan, matuƙin jirgin nan, shekara 18 kafin a haifi jikan. Da aka zo yanka titunan garin sai aka bi su da sunayen mawaƙan Ingila, su Keats da Wordsworth, jika ya ƙwace wa kaka gari.

Batun jika kuwa, duk wanda yake amsa Byron a matsayin sunan gida yau ba ta tsatson mawaƙin ya same shi ba, dan bai bar ɗa namiji na aure ba. Sarautar kuwa wajen ɗan baffansa ta koma, wani hafsan jirgin ruwa, ta ci gaba a can har ta kai kan na 13. Jininsa ta wajen 'yarsa ya bi, Augusta Ada Byron da aka haifa a Disamba 1815, wadda rabonsa da ita tun tana jaririyar wata ɗaya. Uwar ta tsare ta da lissafi dan kar ta gado haukan waƙa, ta girma ta auri William King wanda ya zama Earl na Lovelace a 1838, shine duniya ta san ta da Ada Lovelace, wadda 'yan kwamfuta suke kira mai shirya manhaja ta farko saboda bayanan da ta rubuta a 1843 kan injin lissafin Charles Babbage. Ita ma tana 36 ta rasu kamar uban, kuma ta ce a binne ta kusa da shi a Hucknall. 'Yarta Anne Blunt ta iya Larabci, ta ratsa sahara har Ha'il a ƙasar Najd, ta ƙare rayuwarta a kiwon dawakin Larabawa, a Alƙahira ta rasu a 1917. Dan haka in ana neman jikokinsa a nemi masu amsa King da Blunt da Lytton, ba Castillo ba.

Wajen rubutu a jarrabawa ko projet, karo na farko ki rubuta Lord Byron, ko cikakke George Gordon Byron, 6th Baron Byron, daga nan Byron kawai ya isa har ƙarshe, ba George ba, ba Gordon ba, ba Lord shi kaɗai ba. A jerin manazarta ƙarƙashin B yake shiga, ki rubuta Byron, George Gordon, Lord. Matarsa Lady Byron ce. In siffar kike so babban baƙi ake sa mata, Byronic, dan daga sunan mutum take. In kuma da Hausa kike rubutu ki bar shi Byron yadda yake, ki faɗi furucin sau ɗaya a farko, saboda in kika rubuta Bairan wanda ya je nema a Google ba zai same shi ba. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa, ki ce wa yayan naki ina jiran hujjarsa ta Bayero.